Ranar da Sista Ta Roƙe Ni Allura

Shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, mu ma aka kwaso da mu. Babana ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, aikinsa kula da fayil, don haka duk inda fayil ya nufa can shi ma zai bi. Asalinmu Zariya, amma a Agege aka haife ni, can na yi wayo, can kuma na gama sakandare. Gidan da aka ce za a ba Baba a Garki ba a ko rufa shi ba lokacin da muka iso, sai ya samo mana ɗaki biyu a Kuje. Kullum daga sallar asuba yake wucewa bakin titi ya tari motar ma'aikata, ba ma sake ganinsa sai bayan magariba, takalminsa duk jan laka.

A wannan shekarar na samu shiga makarantar koyon jinya da ke manne da wani asibitin gwamnati a wajen birni. Ajinmu kamar kasuwa yake: 'ya'yan ma'aikatan da suka taso daga Legas irina, da 'yan Karshi, da 'yan Uke, da waɗanda suka zo daga nesa. Da Turanci ake karatu, amma da an fita ƙofa kowa sai ya koma Hausa, kowa da irin tasa.

Malamar da ke koya mana lissafin magani Sista kawai muke ce mata. Gajeriya ce, baƙa, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin farar hularta. 'Yar Gbagyi ce daga wani ƙauye da ke bayan Kuje, Kirista, kuma a asibitin mishan ta koyi aiki tun kafin a fara maganar gina wani birni a wurin. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Kowa a ajin “kai” ne a wurinta, har mu mata. Da farko abin yakan ba mu dariya, daga baya muka daina ji.

Sista ba ta yarda a yi lissafi a zuci. Za ta rubuta tambaya a allo, ta nuna mutum da alli, ya miƙe tsaye ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji: abin da likita ya rubuta, a raba shi da abin da ke cikin kwalba, a ninka da yawan ruwan. In yaro ne, sai an fara da nauyinsa. Har yau ina iya tuna tambayar da ta fara jefa mini. Yaro mai kilo goma sha biyu, an rubuta masa maganin zazzaɓi miligiram goma sha biyar a kowane kilo, a kwalba kuma akwai miligiram ɗari da ashirin a cikin mil biyar. Mil nawa za a ba shi? Na tsaya ina kallon allo, sai na ce cokali ɗaya, don haka nake gani ana yi a gida. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni wane cokali, na shayi ko na miya, na gidanmu ko na gidan uwar yaron. Ta bar ni a tsaye har sai da na bi lissafin daki-daki na isa mil bakwai da rabi, sannan ta ce in zauna.

Ni ban taɓa son lissafi ba, kuma ta gane hakan tun makon farko. Sai ta riƙa tsare ni lokacin da sauran suka fita cin abinci. Ta zauna a kan tebur tana ɓare gyaɗa, ni ina gaban allo. Abin da ta fi tsana shi ne a yi wasa da ɗigo. Takan rubuta lamba, ta sa ɗigo, ta goge shi da yatsa ta matsar da shi gaba kaɗan, ta ce in duba, maganin ya ninka sau goma ke nan, kuma jariri ba zai buɗe baki ya ce an yi masa yawa ba. Ta koya mana ƙirga ɗigon ƙarin ruwa da agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarmu. Ta koya mana allura a jikin lemo, wanda take kawowa cikin jaka daga bishiyoyin gidansu. Mu tsira masa ruwa har ya kumbura, in ta juya baya mu ɓare mu sha. Kafin magani ya bar hannunmu kuma sai mun tabbatar majinyacin shi ne, maganin shi ne, adadin daidai ne, ta baki ne ko ta allura, sannan lokaci ya yi. A kan lokacin nan ta fi tsanani. Takan ce tausayi ba ya matsar da agogo, musamman a kan magungunan kashe zafi masu ƙarfi da ake kullewa a kabad, domin in suka taru a jiki numfashi suke kwantarwa.

Da dare Baba yakan karɓi takardata ya riƙa yi mini tambayoyi yana gyangyaɗi. Bai san komai a kan magani ba, amma ya iya raba lamba, kuma yana jin daɗin ya riga ni. A haka na haye jarrabawar shekarar farko.

A shekara ta biyu muka fara lura Sista ta canja. Ta daina ɗaga hannun dama zuwa saman allo, sai ta sa ɗaya daga cikinmu ya yi rubutun. Ta fara koyarwa a zaune. Rigar sanyi ba ta barin jikinta ko ana zafi. Daga nan aka daina ganinta, aka ce ta tafi hutu, wani malami ya karɓi ajin. Babu wanda ya gaya mana gaskiya.

Da damina ta kankama aka tura ni aikin koyo a ɗakin mata. Ranar da na fara, ina bin bayan babbar nas ɗin ɗakin muna zagaya gadaje, sai na gan ta a gadon da ke jikin taga. Ban gane ta nan take ba, domin ban taɓa ganin kanta ba hula ba, kuma ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ita ta fara gane ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce agogona ya karkace, in gyara. Daga baya nas ɗin, wadda ita ma tsohuwar ɗalibarta ce, ta ja ni gefe ta gaya mini ciwon daji ne na nono. An yi mata aiki a wani babban asibiti mai nisa, amma an makara, ya riga ya shiga ƙashi.

Ko a kwance Sista ba ta bar koyarwa ba. In na ɗaura wa matar gadon kusa ƙarin ruwa, zan ji idonta a bayana tana ƙirga ɗigon tare da ni. In ya yi sauri sai ta yi gyaran murya kawai. Ƙanwarta ce ke jinyarta, wata mace mai shiru da ke sayar da doya a kasuwar Kuje, kullum tana zaune a tabarma a gindin gado. An rubuta wa Sista allurar kashe zafi daga cikin na kabad ɗin nan, miligiram hamsin, da tazarar awoyi tsakanin wata da wata. Da farko tana riƙe ta. Sannu a hankali ta fara sakinta tun lokaci bai yi ba. Mukan ga ta damƙe ƙarfen gado ta rufe ido, amma ba ta taɓa cewa komai ba, mu kuma muka ɗauka tunda ba ta yi magana ba, abin da sauƙi.

Ranar da nake son ba da labarinta, ruwa aka wuni ana yi. Bayan azahar aka kawo mutanen da suka yi haɗari a hanyar Lokoja. Wata babbar mota ɗauke da kayan ofis daga Legas ta haɗu da motar fasinja. A lokacin asibitin bai da likitoci da yawa, garin yana cika da mutane fiye da yadda ake kawo ma'aikata. Duk likitan da ke nan aka kira shi ɗakin gaggawa, aka kwashe nas-nas daga kowane ɗaki. Ɗakinmu ya rage daga ni sai babbar nas, ita kuma tana can ƙarshen ɗaki a kan wata mata da aka fito da ita daga tiyata da safe. Ƙanwar Sista ta tafi gida ɗauko abinci, ruwa ya tsare ta.

Ina wucewa da kwanon wanke hannu sai na ji an kama gefen rigata. Sista ce. Gumi ya jiƙa mata fuska, leɓenta ya bushe.

“Je ka gaya wa nas lokacin allura ya yi,” in ji ta.

Na ajiye kwanon na ɗauki katin da ke rataye a ƙafar gado. Ni da kaina na tsaya shaida lokacin da aka yi mata ta ƙarshe, amma na duba duk da haka, ina fatan na manta. Ko rabin tazarar ba a ci ba.

“Sista, lokaci bai yi ba tukuna.”

“Na sani. Ba ta duba kati yanzu, aiki ya yi mata yawa. In ka ce ya yi, za ta yarda.”

Ban taɓa jin muryarta haka ba, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai neman alfarma a ƙofar ofis. Ta ce ita ta koya mini, ta san abin da jikinta zai iya ɗauka fiye da wanda ya rubuta katin. Ta ce ƙashin bayanta kamar ana sara shi da gatari. Ta kira ni “'yata”, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tsaya riƙe da katin. Da wata ce ta roƙe ni, da na san abin da zan ce, domin Sista ta riga ta sa mini amsar a baki. Amma ita ce da kanta, kuma na san ta fi ni sani nesa ba kusa ba.

Na je wurin babbar nas na gaya mata komai yadda yake, har da cewa lokaci bai yi ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta zo bakin gadon, ta riƙe hannun Sista ta ƙirga numfashinta. Mabuɗin kabad yana rataye a ƙugunta, na ga ta taɓa shi ta sake. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ba za ta iya ƙarawa ba sai likita ya gani ya sake rubutawa, ta ce in ruga in nemo shi duk inda yake.

Na ratsa ruwa ba lema zuwa ɗakin gaggawa. Mutane kwance har a ƙasan baranda, wasu na kiran Allah, wasu na kiran Yesu, wasu sun yi shiru. Na samu likitan ɗakinmu a duƙe kan wani mutum, jini har gwiwar hannunsa. Na tsaya a bayansa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba, ya ce ya ji, yana zuwa da zarar ya tsayar da wannan jinin. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Na ɗan jira, na ga an turo masa wani, sai na koma.

Na tarar Sista ta juya fuska ga bango, ta cusa bakin zani a baki tana cizo. Tana magana da yarensu, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Daga baya ƙanwarta ta gaya mini uwarta take kira. Na jiƙa tawul na goge mata goshi, na gyara mata matashi a bayanta, na ce likita na nan tafe. Ta ture hannuna. Ba ta dube ni ba ta ce, “Ba ka da tausayi.” Daga nan ba ta sake ce mini komai ba. Na koma ɗakin gaggawa har sau biyu. Tsakanin zuwa da dawowa ina zaune a bakin gadonta, rigata a jiƙe, ina kallon agogon ƙirjina kamar kallo zai sa ya yi sauri.

Sai bayan la'asar likita ya shigo, ko canja riga bai yi ba. Ya duba ta, ya ƙirga numfashi, ya tambayi tun yaushe allurar ta daina riƙe ta. Da babbar nas ta ce an kwana biyu, sai ya ce ai da an gaya masa. Ya soke tsohon rubutu ya mai da shi miligiram saba'in da biyar, ya kuma rage tazarar. Muka buɗe kabad mu biyu. Kwalbar allurar miligiram ɗari ce a cikin mil biyu. Babbar nas ta ce in lissafa, na faɗa da ƙarfi a bakin gadon: saba'in da biyar a raba da ɗari, a ninka da biyu, mil ɗaya da rabi. Ta zuƙa a sirinji ta ɗaga mini na gani, ta zubar da ragowar a gabana, sannan ta yi mata. Ba a jima ba yatsun Sista suka saki ƙarfen gadon ɗaya bayan ɗaya, barci ya ɗauke ta.

Da na koma gida na kasa cin abinci. Na ba Baba labari yana jiƙa ƙafarsa a ruwan ɗumi. Ya ce Allah Ya ba ta sauƙi, ni kuma in tashi in yi sallah in kwanta. Ban ji sanyi a raina ba. Na so wani ya ce mini na yi daidai, ko ma ya ce na yi kuskure, in san inda na tsaya.

Washegari Sista ba ta ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba. Na gaishe ta ta amsa, na auna zafin jikinta, na wuce. Haka muka yi ta yi. Sai wata safiya ƙanwarta ta fita wanki, ta ce in zo in shafa mata man kaɗe a ƙafa. Ƙafafun sun kumbura, fatar ta yi sheƙi. Ina cikin shafawa ta ce, idonta a kan rufin ɗaki:

“Ranar nan, da ka yi abin da na ce, da na gode maka. Kuma da na samu ƙarfi, da na sa an kore ka daga makaranta.”

Ban san ko dariya ake so in yi ba. Ta ce akwai abin da ba ta koya mana ba, don ita ma sai a kan gadon nan ta san shi. Ta koya mana kada mu wuce abin da aka rubuta, amma ba ta koya mana mu lura da ranar da abin da aka rubuta ya daina isa ba. Mai ciwo in ya yi shiru ba lafiya ba ce. Ta ce in na ga mutum ya fara damƙe gado kafin lokacin maganinsa, in je in tsaya a kan likita tun da safe, tun yana da hannun riƙe alƙalami, kada in bari sai ciwon ya kai inda nata ya kai. Ta ce in gaya wa sauran 'yan ajin. Ba ta ba ni haƙuri a kan maganar da ta gaya mini ba, ni ma ban sa rai ba.

Da damina ta doshi ƙarshe ta ce a mai da ita gida. Likita bai hana ba. Aka mai da maganinta na sha, aka ce in nuna wa ƙanwarta yadda za ta riƙa ba ta. Ƙanwar ba ta karatu, don haka muka zauna a baranda na ware mata ƙwayoyin, muka ɗaura kowane lokaci da abin da ta sani: fitowar rana, sa'ad da inuwa ta dawo gindin bishiya, dawowar mutane daga gona, da lokacin kwanciya. Na sa ta maimaita mini har ta riƙe. Na gaya mata in ta ga bai riƙe ta ba, kada ta ƙara da kanta, kuma kada ta jira, ta aiko a faɗa. Aka ɗauke Sista a bayan wata a-kori-kura, kwance a kan katifa, an rufa mata zani. Ban samu na yi mata sallama ba, an aike ni ɗakin magani, ina dawowa na tarar ana canja zanin gadon.

Na yi ta niyyar zuwa duba ta, tunda ƙauyen ba shi da nisa da Kuje, amma aka mai da ni ɗakin yara, jarrabawa kuma ta matso. Ana cikin haƙar doya labarin rasuwarta ya iso makaranta.

Baba ne ya kai ni jana'izar, ya ari babur wurin maƙwabcinmu. Hanyar ta bi ta cikin gonaki, wasu an riga an kafa musu duwatsun awon fili masu lamba, dawa tana tsaye a kansu. Cocin ƙauyen ƙarami ne, bai ɗauke mutane ba. Mu Musulmi muka tsaya a waje ƙarƙashin mangwaro, da ɗalibai, da tsofaffin nas-nas da suka zo daga Karshi da wasu wurare cikin fararen kaya, da 'yan uwanta Musulmi, don gidansu a gauraye yake. Ana waƙa a ciki da yaren da ban sani ba. Ban yi kuka ba sai da aka fito da akwatin na ga ƙanƙantarsa.

Bayan an rufe ta, ƙanwar ta kama hannuna ta kai ni wurin uwarsu. Ban taɓa zaton tana da rai ba. Tsohuwa ce tukuf, zaune a kan turmi a ƙofar ɗaki, idanunta sun yi fari. Ƙanwar ta yi mata bayani da yarensu, tsohuwar ta laluba ta kama fuskata da hannu biyu, ta daɗe tana magana. Na tambayi me take cewa. Ƙanwar ta ce tambaya take yi, ko 'yarta ta sha wahala sosai a asibiti, don a gida ba ta taɓa yarda ta yi ƙara a gabanta ba. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Na ce a gaya mata ta sha, amma ba ita kaɗai ba ce, muna tare da ita. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta sa aka ɗauko doya manya guda biyu daga rumbu, ta ce ba za mu tafi hannu sake ba.

Baba ya ɗaure su a bayan babur da igiyar roba, na hau na riƙe su da hannu ɗaya. Muka kamo hanya a hankali saboda santsi. Da muka kai wani rafi ya tsaya ya yi alwala, ya shimfiɗa rawaninsa a kan ciyawa ya yi la'asar, ni kuma na zauna a kan dutse ina jiransa.